Wai me ya haifi IDM, Opera Mini da su curl alhali ga burauza?

Ɗalibi_Batagarawa:
Assalamu alaikum malamaina na wannan zaure. Tambaya gare ni, a yi haƙuri in ta yi kama da ta ɗan koyo. Aikin burauza dai sananne ne, ta tambayi sabar (kwamfutar da ke ajiye da shafin), ta karɓo, ta nuna. To me ya sa aka cika duniya da wasu manhajoji da su ma HTTP ɗin, wato yaren da burauza ke magana da shi, suke yi da sabar, su IDM (Internet Download Manager, manhajar saukar da fayil), wget, curl, Opera Mini, Postman, har da waɗanda shafi zai ce sai ka girka su kafin ya yi aiki? Wa ya fara, kuma wane giɓi burauza ta bari? Ni a ganina IDM ne farko, tunda shi kowa ya sani a kafe.

Gobarau_Linux:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, IDM jika ne a wannan dangi. Ka koma 1990. Burauzar farko da Tim Berners-Lee ya rubuta a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, sunanta WorldWideWeb, daga baya aka mayar da ita Nexus. Tana karanta shafi, tana kuma gyara shi, amma kwamfutar NeXT kaɗai take hawa, ita kuwa NeXT tsada gare ta, ba kowa ke da ita ba. Sai aka sa wata ɗaliba, Nicola Pellow, ta rubuta Line Mode Browser a 1991. Ba hoto, ba linzami. Kowace mahaɗa an ba ta lamba, ka buga lambar ka danna Enter. Muninta shi ne ƙarfinta, don kowace irin kwamfuta mai baƙin allo tana ɗaukarta. Daga cikinta aka tsamo libwww, wato tarin kod da kowa zai ɗauka ya gina tasa manhajar mai magana da sabar. Saboda haka burauza ta biyu a duniya ma don gazawar ta farko aka yi ta.

Injiniya_Kusugu:
Maganar asali ku bar wa Daurawa, mu ne tushe. Malam Gobarau, abin da ka kawo burauza ce ta maye gurbin burauza. Yaron nan yana tambayar abin da ke zaune a gefen burauza yana ɗaukar mata kayan da ta kasa. Wannan a zamanin Mosaic ya kafu, 1993, wadda Marc Andreessen da Eric Bina suka yi a NCSA ta Jami'ar Illinois. Mosaic tana nuna hoton GIF da XBM a cikin shafi, amma in JPEG ne ko bidiyo ko PostScript, sai ta miƙa wa wani. Yadda abin ke tafiya: sabar za ta aiko da layin Content-Type, misali image/jpeg ko video/mpeg. Burauza ta duba wani ɗan fayil mai suna mailcap, ta ga wace manhaja aka ɗaura wa wannan nau'i, ta ajiye fayil ɗin a ma'ajiyar wucin gadi, sannan ta kira manhajar. A Unix xv ke buɗe hoto, mpeg_play bidiyo, ghostview takarda. Tsarin ma aro ne daga imel, MIME na 1992.

Illarsa uku. Sai fayil ya gama sauka kaf kafin a buɗe shi. Yana buɗewa a wata taga daban. Kuma da zarar an miƙa, shafin da manhajar ba su sake jin ɗuriyar juna. Waɗannan ukun su suka haifi fulogin (plugin), wato manhajar da ake jona wa burauza, a burauzar Netscape Navigator 2.0, wadda aka fara gwajinta a 1995 ta fito sosai a Maris 1996. Tsarin ana ce masa NPAPI: burauza ta yanka wa baƙuwar manhaja fili a cikin shafi, ta riƙa zuba mata data tun tana kan sauka.

Gobarau_Linux:
Na karɓi rabin gyaran, Injiniya. Sauran rabin sai mun haɗu a Kusugu.

BabanKafe:
Ku malamai kun tafi sama. Bari in sauko da ɗalibi inda ya fara, wato saukar da fayil, don hasashensa bai yi nisa da gaskiya ba.

Modem na 28.8 a mafi kyawun hali kilobayit 3.6 yake ja a daƙiƙa. Fayil mai MB 10 ke nan minti 46 ko fiye. Layin tarho ne, wani ya ɗaga kan waya a gida ko layi ya yi ƙara, haɗi ya yanke. Burauzar wancan lokaci ba ta san ci gaba ba, sai dai a koma sifili. FTP, tsohuwar hanyar tura fayil, yana da umarnin ci gaba mai suna REST tun ƙa'idarsa ta 1985, amma HTTP sai a HTTP/1.1, takardar ƙa'ida RFC 2068 ta Janairu 1997, aka tsayar da Range, wato neman wani yanki na fayil kawai, a hukumance. GetRight ya fito a wannan shekarar, kuma shi ne irin manhajar da IDM ya gada.

Ga abin da ke faruwa in ka danna ci gaba. A ce fayil MB 100 ne, ka samu bayit miliyan 40 ya yanke. Manhaja za ta aika:
Range: bytes=40000000-
In sabar ta yarda, za ta amsa da 206 Partial Content, ta ɗora daga nan. In ba ta san zancen ba, sai ta amsa da 200 ta fara turo fayil daga farko, shi ya sa wani lokaci kana danna ci gaba ka ga ya koma 0%. Kafin ka fara saukar da babban abu, duba ko sabar ta aiko da Accept-Ranges: bytes. Rarraba fayil gida takwas da IDM ke yi wannan dabarar ce dai, Range takwas a lokaci guda, a ƙarshe a ɗinke su.

Sabon_Shiga_KT:
Baba, to ashe shi ya sa IDM ke ninka gudun intanet sau takwas?

Malama_Rafindaɗi:
A'a ɗana, nan ne mutane ke ruɗewa. Ba ya ƙara faɗin bututun da kamfanin layinka ya ba ka ko da ɗigo. Wuri biyu yake taimako. Na ɗaya, in sabar ta ƙayyade wa kowane haɗi gudu, a ce KB 200, to haɗi takwas zai ba ka kusan 1,600 in layinka zai ɗauka. Na biyu, in sabis na zubar da ƙunshin data a hanya. TCP, tsarin da ke jigilar data, da ya ga ƙunshi ya ɓace sai ya rage gudu sosai, ya sake hawa a hankali. In haɗi ɗaya ne, duk saukarwar ta durƙusa. In takwas ne, ɗaya ya durƙusa bakwai na tafiya. A kan layi mai tsabta da sabar da ba ta ƙayyade ba, bambancin kaɗan ne.

Kuma abin da ya sa burauza ba ta yi haka tun farko ba, ladabi ne aka ɗora mata. RFC 2616 na 1999 ya ce kada manhajar mutum ɗaya ta riƙe haɗi fiye da biyu da sabar guda. Masu burauza suka bi, masu manhajar saukarwa suka yi kunnen uwar shegu. Daga baya burauzoji suka ɗaga zuwa shida.

BabanKafe:
Haka ne Malama. In ƙara da abin da ke lalata ci gaba ko da sabar ta yarda da Range. Mahaɗar da aka ba ka mai wa'adi ce, bayan awa kaɗan ta mutu, sai ka ga 403. Maganinsa ka koma shafin ka ɗauko sabuwar mahaɗa ka liƙa wa tsohon aikin, kada ka goge guntun da ka samu. Na biyu, an canza fayil ɗin a sabar tsakanin jiya da yau. In manhaja ba ta aika If-Range da alamar ETag (alamar da ke nuna ko an canza fayil) ba, za ta ɗinke kan tsohon fayil da gindin sabo, zip ya ƙi buɗewa. Duk fayil babba, gwada SHA-256 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, da wanda masu shi suka wallafa.

Mai_Sabar_Layout:
Tunda an zo nan, a ba wget da curl haƙƙinsu, don su wata matsala daban suka zo warwarewa: burauza sai da mutum zaune a gabanta yana dannawa.

Wget, Hrvoje Nikšić ɗan Kuroshiya ya rubuta shi. Ya fito a Janairu 1996 da sunan Geturl, aka canza suna saboda akwai wata manhajar Amiga mai wannan sunan. An gina shi ne don layi marar tabbas, ka ba shi aiki ka tafi ka kwanta.
wget -c -t 0 adireshi
-c ci gaba daga inda aka tsaya, -t 0 kada ya gaji da sake gwadawa. In kana raba layi da mutane, ƙara --limit-rate=200k don kada ka shanye musu. In shafi kake so ka kwashe don karatu ba intanet, -r -l 2 -k -p -np: ya bi mahaɗai zurfi biyu, ya gyara su su yi aiki a kwamfutarka, ya haɗo hotuna, kada ya hau sama da foldar da ka nuna masa. In ka manta -np da -l, za ka wayi gari data ta ƙare. Kuma shafukan yau da JavaScript (kod ɗin da burauza ke gudanarwa a cikin shafi) ke ginawa bayan an buɗe, wget fanko zai kwaso maka, don ba ya gudanar da JavaScript.

Curl kuwa labarinsa abin dariya ne. Daniel Stenberg ɗan Suwidin yana da wani bot a IRC, tsohon dandalin hira, yana so ya riƙa gaya wa mutane farashin canjin kuɗi. Farashin na wani shafi, yana buƙatar abin da zai ɗauko shi kullum ba da hannu ba. Ya samu httpget na Rafael Sagula ɗan Burazil, wanda ya fito a Nuwamba 1996, ya karɓi ragamarsa. Da aka ƙara masa Gopher da FTP sai ya zama urlget, da aka ƙara aikawa sama sai ya zama curl, 20 ga Maris 1998. A 2000 aka fitar da libcurl, tarin kod ɗin curl da wasu manhajoji ke ɗauka, kuma ita ce yau ke cikin wayoyi da motoci da talabijin. Ɗan canji ne ya haife shi, a taƙaice.

Ƙofar_Marusa:
Yallabai Mai Sabar, ni na karanta cewa daga MIT curl ya fito, har da hannun Berners-Lee a kamfanin. Wanne ne daidai?

Mai_Sabar_Layout:
Duka biyun, suna ne ya zo ɗaya. Wancan Curl ɗin harshen rubuta manhaja ne da ya samo asali a MIT, aka kafa masa kamfani a 1998. Nufinsa a haɗa aikin HTML da na JavaScript da na manhaja mai nauyi a harshe guda, amma sai ka girka injinsa a kwamfutarka kafin shafin ya buɗe. Shi ma ɗan wannan dangin ne da ake magana, sai dai ba ruwansa da curl na baƙin allo.

Wani tarkon suna kuma: Windows 10 na zuwa da curl.exe tun 2018, amma a tsohon PowerShell 5.1 in ka rubuta curl kawai, Invoke-WebRequest yake kira, sai ka ga umarninka na ta ba da kuskure. Rubuta curl.exe cikakke. Ci gaba da saukarwa a curl shi ne curl -C - -O adireshi, kuma ka sa -L in ana tura ka wani adireshin.

Ɗan_Mashi:
Duk wanga tarihi na Turai da Amurka ne. Mu nan abin da ya buɗe muna intanet Opera Mini ne, kuma shi ne misalin da ya fi dacewa da tambayar. GSM ya shigo Najeriya a 2001. Wayoyin da suka biyo baya burauzar WAP gare su, wadda ba ta karanta cikakken HTML, sai shafukan WML da aka yi mata musamman. Opera ta Nowe ta fito da Mini a 2005, ta sake shi ga duniya a Janairu 2006, ɗan fayil na Java da ƙaramar Nokia ke ɗauka.

Dabarar ita ce, abin da ke wayarka ba burauza ba ne cikakkiya. Ka buga adireshi, buƙatar ta tafi sabar Opera. Can ne ainihin injin yake, shi zai buɗe shafin, ya gudanar da JavaScript na ɗan lokaci, ya rage hotuna, ya jera komi a layi ɗaya daidai faɗin allonka, ya matse shi zuwa wani tsari mai suna OBML, ya turo. Wayar zane kawai take yi. Kamfanin na cewa ragin data na kai kashi 90 cikin 100. Mi ya sa wasu shafuka ke lalacewa a ciki? Don bayan an turo shafin, babu JavaScript mai rai a wayar. Duk maɓallin da ka taɓa sai an koma sabar an sake zana shafin. Agogo mai ƙirgawa, taswira mai ja da yatsa, hira mai shigowa da kanta, duk ba su aiki.

Malama_Rafindaɗi:
A ƙara da wannan, don yana da muhimmanci. A yanayin matsewa mai tsanani, makullin HTTPS ba daga wayarka zuwa shafin yake ba. Sabar tsakiya ce ke buɗe saƙon, dole, in ba haka ba me za ta matse? Sannan ta sake rufe shi zuwa gare ka. Ba zargin kowa nake ba, tsarin ne haka. Harkar banki da kalmar sirri mai muhimmanci, a yi su a cikakkiyar burauza.

Sabon_Shiga_KT:
Yayana Ɗan Mashi, ance da can ana sa wasu lambobi a Opera Mini a yi intanet kyauta. Har yanzu akwai?

Admin_Zaure:
Ba a wannan zauren ba. A koma kan tambaya.

Injiniya_Kusugu:
To mu koma fulogin, don na bar shi a rataye. Da Netscape ta buɗe wannan ƙofa, kowa ya shigo da kayansa. RealAudio na 1995 ya kawo sauraron sauti tun yana sauka. Sun ta kawo Java a 1995, ƙananan manhajoji masu gudu a cikin shafi. Microsoft ta mayar da martani da ActiveX a Internet Explorer 3, 1996. Wani ƙaramin kamfani, FutureWave, na Jonathan Gay da abokansa, ya yi FutureSplash Animator don zane mai motsi marar nauyi, Macromedia ta saye shi a Disamba 1996 ta sa masa Flash, Adobe kuma ta saye Macromedia a 2005. YouTube da ya fito a 2005 a kan Flash ya tsaya, saboda HTML na lokacin ba shi da hanyar nuna bidiyo ko kaɗan.

Abin da ya kashe su shi ne abin da ya ba su ƙarfi. Fulogin kod ne na kwamfuta kai tsaye, yana gudu da duk ikon da mai kwamfutar ke da shi. Burauza tana tsare JavaScript a cikin shinge, fulogin kuwa a wajen shingen yake. Rami ɗaya a Flash ko Java, shafin mugu ya samu hanyar faifanka. ActiveX ya fi muni, don kariyarsa sa hannun mai shi ne kawai, da ka danna yarda shi ke nan. In fulogin ya faɗi kuma, da burauzar yake faɗuwa, sai daga baya aka raba musu gida. Ga cin batir. iPhone bai taɓa karɓar Flash ba, Steve Jobs ya rubuta dalilansa a Afrilu 2010. Chrome ya cire NPAPI a sigar 45, Satumba 2015. Firefox 52 ya bi a Maris 2017, ya bar Flash kaɗai. Adobe ta rufe Flash a 31 ga Disamba 2020.

Gobarau_Linux:
Ga ra'ayina, kuma na san za a yi mini ca. Duk waɗannan manhajoji 'yan riƙon ƙwarya ne. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Da burauza ta girma sai ta haɗiye aikinsu ɗaya bayan ɗaya. Bidiyo ya koma alamar video ta HTML5, YouTube ya mayar da ita ta farko a Janairu 2015. Zane ya koma canvas da WebGL. Hira mai rai ta koma WebSocket, RFC 6455 na 2011. Ci gaba da saukarwa yanzu kowace burauza na yi.

Misali mafi kyau XMLHTTP. Mutanen Outlook Web Access na Microsoft suna so imel ya shigo ba tare da an sake loda shafi gaba ɗaya ba. Suka yi shi a matsayin abin ActiveX, ya fita da Internet Explorer 5 a 1999. Mozilla ta kwaikwaya ta gina shi a cikin burauza da sunan XMLHttpRequest. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 suka nuna abin da zai iya, Jesse James Garrett ya raɗa wa salon suna Ajax a Fabrairu 2005. Abin da ya fara a ɗan ƙari ya zama ƙashin bayan intanet.

Haka Google Gears na 2007, fulogin don shafi ya yi aiki ba sabis. Abu uku ne a cikinsa: ma'ajiyar shafuka, rumbun SQLite, da masu aiki a bayan fage. An rufe shi a 2011, amma ukun duk suna nan a burauza yau da sunan Service Worker, IndexedDB da Web Worker.

Hajiya_Fintek:
Malam Gobarau, ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai abin da burauza ba za ta haɗiye ba, ba don ta kasa ba, don an hana ta da gangan. Ɗauki na'urar ɗaukar zanen yatsa da ake rajista da ita a kafe. Shafi ba shi da ikon taɓa ta. Da ActiveX ko Java ake yi, shi ya sa tsofaffin shafukan rajista ke cewa sai Internet Explorer. Da aka rufe wannan ƙofar, sai aka koma girka wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kwamfutar tana sauraro a 127.0.0.1, wato adireshin kwamfutar kanta, a wata tasha (port). Shafin ya aika mata buƙata, ita ta yi magana da direban na'urar, ta dawo da zanen. Wato uwar ɗakin ba ta tafi ba, ɗaki ta canza.

In ka ga shafi na cewa bai ga na'ura ba, bi wannan jerin: direba ya hau, Device Manager na ganinta ba alamar rawaya? Ƙaramar manhajar tana gudu? Wata manhaja ba ta riga ta kama tashar ba, netstat -ano zai nuna maka. Riga-kafin kwamfuta bai toshe ta ba? Takardar shaidar da manhajar ke amfani da ita ba ta ƙare ba, kuma agogon kwamfutar daidai yake? Batirin CMOS, mai riƙe agogon kwamfuta, da ya mutu ya mayar da kwanan wata baya yana hana wannan aiki fiye da yadda ake zato.

Ƙofar_Marusa:
Hajiya, ba WebUSB ya warware wannan ba? Kuma ai ana shiga shafuka da yatsa a waya yanzu.

Hajiya_Fintek:
WebUSB na Chrome tun 2017, amma Safari da Firefox sun ƙi shi saboda tsaro, kuma in direban Windows ya riga ya riƙe na'urar, burauza ba ta samunta. Shiga da yatsa kuwa WebAuthn ne, wani abu daban. Shi zanen yatsan ba ya barin wayar. Waya ce ke tantancewa, ta sa hannu da makulli, shafin ya ga sa hannun kawai. Mai rajista kuwa zanen kansa yake so ya adana, WebAuthn ba zai taɓa ba shi ba.

Mai_Sabar_Layout:
Ina bayan Hajiya. Postman ma hanin ganganci ne ya haife shi. Tun Netscape 2 akwai dokar cewa JavaScript na shafi ɗaya ba zai karanta amsar wani gida ba, in ba haka ba kowane shafi zai leƙa akwatin imel ɗinka da kukis ɗinka, wato shaidar shigarka da burauza ke ajiyewa. Tsarin ba da izini mai suna CORS ne ya zo ya sassauta: sai sabar ta aiko da Access-Control-Allow-Origin, wani lokaci ma burauza ta fara aika OPTIONS ta nemi izini. Mai gwada API, wato ƙofar da manhajoji ke bi su yi magana da sabar, ba ya son wannan shinge, yana so ya sa kowane layi da hannunsa. Postman ya fara a 2012 a matsayin ƙari a Chrome, daga baya ya fita ya zama manhaja mai zaman kanta.

Shi ya sa ɗalibai ke cewa "yana aiki a Postman amma ya ƙi a burauza". Ba abin da ya lalace a kod ɗin shafinka. Burauza ce kaɗai ke tilasta CORS, curl da Postman ba ruwansu. Gyaran a sabar yake. Kuma kada ka sa alamar tauraro (*) a Access-Control-Allow-Origin in buƙatar na ɗauke da kukis, burauza za ta ƙi, sai ka rubuta ainihin adireshin shafin.

Malama_Rafindaɗi:
Abin dariyar ma, Postman da ya gudu daga burauza, da burauza ya gudu a cikinsa. Electron ke nan: Chromium da Node.js a ƙunshi ɗaya. GitHub ta fara shi a 2013 da sunan Atom Shell, aka canza suna a 2015. VS Code, Slack, Discord duk shi ne. Shafi ne, amma an cire masa shinge, yana karanta faifai yana kiran umarnin kwamfuta. Kuɗin da ake biya RAM ne, kowace manhaja da nata Chromium. Buɗe uku a kwamfuta mai GB 4 ka ji fanka na kuka. An gudu ba a tsira ba.

Gobarau_Linux:
To ai kin ƙarfafa maganata Malama. In har mai gudun burauza sai ya goya ta a baya, wa ya ci?

Hajiya_Fintek:
Injin ya ci, shingen ya faɗi. Kai kana kiran injin burauza, ni shingen nake kira burauza.

Ɗan_Mashi:
Ku bar gardamar suna. Ga mai son shafinsa ya yi aiki a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tahiya, ba sai ya yi Electron ko manhajar Play Store ba. Service Worker ya isa, yana Chrome tun sigar 40 a 2015, iPhone ya karɓe shi a 2018. Sharuɗɗa: dole HTTPS, sai fa localhost wajen gwaji. Fayil ɗin ka aje shi a tushen shafi, don ikonsa bai wuce foldar da yake ciki ba. A matakin install ka adana HTML da CSS da JavaScript na gangar jiki. Fom ɗin da aka cike ba sabis ka zuba shi IndexedDB, ka tura in sabis ya dawo. Kuskuren da kowa ke yi: an gyara shafi, masu amfani na ta ganin tsoho. Dalili, ba a canza sunan ma'ajiyar ba kuma ba a goge tsohuwar a matakin activate ba, sannan sabon ma'aikacin na jira sai an rufe duk tagogin shafin kafin ya karɓi aiki.

Ɗalibi_Batagarawa:
Allah ya saka da alheri malamai, na cika littafi. Amma in an tambaye ni a jarrabawa wanne ne na farko, me zan rubuta? Na Malam Gobarau 1991, na Injiniya 1993, na Baba 1997.

Injiniya_Kusugu:
Rubuta 1993, ka ce Badauri ne ya gaya maka.

Gobarau_Linux:
Kunya gare mu ba tsoro ba, Injiniya, shi ya sa na yi shiru ɗazu. Ɗalibi, duba yadda aka gina tambayar. In an ce manhajar da ke magana da sabar yanar gizo don ta farko ta gaza, 1991. In an ce wadda ke taimaka wa burauza daga gefe, na Injiniya, 1993. Kuma akwai ViolaWWW ta Pei-Yuan Wei a Berkeley, 1992, da ta riga Java da JavaScript sa ƙananan manhajoji a cikin shafi, ba wanda ya ambace ta.

BabanKafe:
Gyara kaɗan a nawa, kada ka rubuta 1997 a matsayin farko, wget ya riga GetRight da shekara. Sabon Shiga, tunda kai gudu kake nema kuma Linux kake koyo, gwada aria2c -x 8 -s 8 -c adireshi. Iyakar -x 16 ne. In sabar ta fara ba ka 429 ko 503, ka yi mata yawa, sauko zuwa 4.

Sabon_Shiga_KT:
Na gode Baba. To shi HTTP/2 da aka ce haɗi ɗaya yake amfani da shi, rarrabawar tana aiki a kansa kuwa?